Wuƙar Sarkin Fawa

A shekarun farko bayan tafiyar Turawa ne maƙerarmu da ke gefen Kudan ta dawo hannuna. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya ɗaga masaba, sai dai kullum da safe in tallabo shi in jingina shi da turken rumfa, ya zauna yana kallon aiki da idonsa ɗaya. Ɗayan idon tun yana saurayi ya rasa shi. Ya daki ƙarfen da aka riga aka ba ruwa ya yi tauri, ƙarfen ya tarwatse, ɓarɓashi ya shige masa. Na girma ina kallon wannan gurbi a fuskarsa.

Ana gab da Babbar Salla, Sarkin Fawan garinmu ya kawo mini guntun ƙarfen sifirin na ƙarƙashin wata motar gyaɗa da ta faɗi a hanyar Makarfi. Ya ce wuƙar yankan bijimi yake so, kuma ba shi da wani guntun bayan wannan. Ƙato ne, ba ya yawan magana, kuma kowa ya san ɗan tauri ne. Na taɓa gani da idona ya ɗaga wani dillali sama a kasuwa ya maka shi da ƙasa.

Ban saba da ƙarfen mota ba. Na ƙera wuƙar ta fito doguwa, siririya. Da hantsi na mayar da ita wuta har ta yi jawur, na tsoma ta a kaskon ruwa don ta yi tauri. Ruwan ya yi cuuu. Da na ɗago ta na saita da idona, sai na ga ta karkace daga tsakiya zuwa tsini.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan masaba ba.

"Ajiye!" in ji Baba. Tun da ya kwanta ciwo ban ji muryarsa da ƙarfi haka ba. "Ka dake ta yanzu, ko wuƙar ko idonka."

"To Baba, in mayar da ita wuta in sake ban ruwa?"

"Ta yi siriri. Ka sake ba ta ruwa, tsagewa za ta yi."

Ya ce in baza garwashi ba zuga, in ɗora gadon bayan wuƙar a kai, kaifin yana sama, in jira ta yi launin zuma. Sannan in gicciya ta kan itace biyu, ƙusumbin yana sama, in danna da ƙotar fartanya a hankali. Na tambaye shi ko hakan ba ta karyewa. Ya ce tana karyewa, wani lokaci.

Ina durƙushe ina jiran launin sai inuwa ta rufe bakin rumfar. Sarkin Fawa ne, da sallamarsa. Ya gaida Baba, ya tambayi jiki da iyali. Idonsa ya sauka kan garwashin.

"Maƙeri, wuƙata ce wannan ta koma lauje?"

"Ranka ya daɗe, gyara ake yi."

Ya tattare rigarsa ya tsuguna dab da ni, har ina jin ƙarnin nama a jikinsa.

Launin zuma ya fara bin ƙarfen. Na ɗauko ta da awartaki na gicciya, na ɗora ƙotar. Gumi yana shiga mini ido, ba halin sharewa. Na kawar da fuskata gefe, na runtse ido, na danna. Ƙarfen ya yi ƙasa kamar zai yarda, ina saki ya koma yadda yake.

"Wuce da ita kaɗan," in ji Baba. "Sai ta lanƙwasa ta ɗaya gefen za ta zauna."

Na sake ɗumama ta, na danna fiye da ɗazu. Sai na ji ƙas!

Na saki komai na dafe fuskata da hannu biyu. Ina jiran zafi, ina jiran jini, ina jiran hannun mutumin nan a wuyana. Na ji Baba yana salati. Da ƙyar na buɗe yatsuna na leƙa. Wuƙar tana nan ɗaya. Itacen da ke ƙarƙashinta ne ya dare.

Sarkin Fawa ya ɗauki awartakin daga ƙasa, ya ɗaga wuƙar ya saita da hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

"Saura ƙiris wajen tsini," ya ce. "Bar ta haka. Kada ka sake danna ta, cikina ya ɗuri ruwa."

Ya miƙe, ya ce zai aiko a karɓa in na wasa ta na sa mata ƙota. Ya yi sallama ya fita. Haka na zauna a cikin toka har aka kira azahar, maiɗakina ta aiko da fura, na ajiye ta gefe ban sha ba.