Fuskar Malam a Gilashi

Da me zan gwada fuskar Malam, tunda mai fuskar ba ya nan? Wata bakwai ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya a hawa na sha huɗu, a Lembah Pantai, ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba. Autata Asma'u ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata in ta ga ina kuka kar ta tsaya, ta ci gaba.

Wankan jegonta ya kawo mu Malesiya, ni da Malam, babanta. Wata uku muka zo yi. Ana gama suna cutar nan ta sauka, aka rufe ƙasa, aka rufe gari, aka rufe har ƙofar gida. Mijin Auta kaɗai doka ta yarda ya sauka kedai, wato kanti, ya yi cefane. Ni kuwa ga kunyar suruki, ga gida kamar akwatin ashana. In ya fito falo na shige ɗaki, in ya shiga kicin na koma baranda. Daga barandar nake kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a cikinsa.

A irin wannan zama ne Kura take dawo mini, garin da aka haife ni. Kakata Iya Tabawa matar marini ce, ita ma hannunta shuɗi ne har wuyan hannu saboda taya miji matse zane. In an ci tuwo sai ta tura kara biyu a murhu, mu jikoki mu kewaye ta, warin baban rini na tashi daga jikinta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ku matso, ga wata ta iso tana cigiyar kunne. Mai gyangyaɗi ya tashi tun kafin in ba ta wuri."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani marini da uwarsa ta saƙa masa zane kafin ta rasu. Ta ratsa shi da siraran layuka, irin saƙar da hannunta kaɗai ya iya. Ya ce wannan zane sai rinin da ba a taɓa yi ba. Ya tsoma shi a karofi ya ɗago, ya yi kyau, amma ya ce bai kai darajar uwarsa ba. Ya sake tsomawa. Ya sake. Kullum sai ya ga saura kaɗan. Ranar da ya shanya shi, zanen ya yi baƙi wuluk yana ƙyalli, layukan uwarsa kuwa babu ko ɗaya, duhu ya cinye. Ya ruga rafi yana wankewa, yana bugawa a dutse, har zanen ya yage.

"Iya, sai me ya faru?"

"Sai me? Ya zauna da tsumma."

Ni mai bakin tambaya ce tun ina ƙarama. Na ce, "To a tsomi na nawa ya kamata ya tsaya?"

Ta zungure ni da kara. "Da uwar tana nan da ta gaya masa. Tashi, sarkin surutu, wuta ta mutu."

Dariya muka yi wa marinin nan. Mun ɗauke shi wawa.

Malam mai gyaran rediyo da talabijin ne, shekara arba'in a rumfa ɗaya a Kano. Da aka sake kulle gari karo na biyu, mijin Auta ya ga zaman ya ishe mu, ya sa aka kawo sabuwar talabijin, faɗinta ya kusa ƙofa. Aka kunna, kowa yana yabo. Malam ya ɗaure fuska.

"Wannan kalar kanti ce," in ji shi. "An cika mata haske da launi don ta kira mai saye daga nesa. Dubi ciyawa, ka taɓa ganin ciyawa haka? Dubi mai karanta labarai, kamar an shafe shi da manja."

Mijin Auta ya ce, "Baba, ai akwai auto, ita take saita kanta."

"Ita ta san fuskar mutanenmu? Da farar fata aka koya mata. Miƙo rimot."

Yana da hanyar aikinsa, wadda ya yi wa rabin unguwarmu. Ba ya gyara hoto da tsakar rana. Sai bayan la'asar, a ja labule, a kunna fitilar da ake zama da ita. Kuma ba ya yarda da lambobi. Fuskar da ya sani yake nema. Ya sa aka ɗora hoton bidiyon suna, aka tsayar daidai inda nake rungume da jaririya, sannan ya ajiye kujera a gefen gilashin.

"Ladi, zo ki zauna. Kar ki motsa."

"Tsofai-tsofai da ni zan zama abin gwaji?"

"Ai ke ce asali, waccan kwafi ce. Ɗago haɓa. Ba murmushi na ce ba, ba neman aurenki na zo ba."

Auta ta tuntsire da dariya. "Baba, kwana nawa za a yi? Mu dai muna son kallo, lah." Wannan "lah" ɗin a bakin mutanen ƙasar nan ta tsince ta.

"Ku yi haƙuri. Ina za ku je?"

Haka ya yi kwana uku. Ranar farko ya rage haske har ninkin baƙin mayafina ya ɓace, sannan ya ƙara kaɗan-kaɗan har ya fito, ya tsaya. Rana ta biyu ya rage fari har aikin zare na rigar jaririya ya bayyana. Ya kashe abin da ke sa gefen fuska kaifi, ya ce ba ya son a zana mini tamoji da alƙalami. Rana ta uku ya kama launi. Ya dubi gilashi, ya dube ni, ya danna, ya sake dubana. Wallahi tun ina amarya bai kalle ni haka ba. Yana cikin yi ya ce sanyi yake ji.

Bayan kwana huɗu masu fararen kaya suka hau da gadon ɗauka. Ba a bar kowa ya bi shi ba. Ba mu yi masa wanka ba, ban ga makararsa ba. A ƙasar nan aka binne shi, mijin Auta kaɗai ya tsaya daga nesa. Takabata a ɗakin nan na yi ta, ba mai shigowa gaisuwa sai ta waya.

Da na fita takaba na ce a sa mini bidiyon suna, wajen da Malam ke addu'a. Sai na ga kamar ba shi ba. Ya yi ja, kuma tsagar nan guda biyu ta gefen idonsa ba ta fito sosai ba. Tsoro ya kama ni, don na rufe ido na neme shi a raina, nan ma bai fito sosai ba.

Na ce, "Auta, ƙara haske."

"Umma, kin tabbata? Saitin Baba ne fa."

"Kaɗan kawai."

Ta ƙara. Na ce saura kaɗan. Ta rage ja, ya yi toka-toka. Na ce mayar, ta wuce. Muka taɓa wannan, muka taɓa wancan, har magariba. Na ce to a mayar yadda ya bari. Auta ta ce ba ta riƙe lambobin ba.

A nan Iya Tabawa ta faɗo mini. Marinin nan ba wawa ba ne. Kewa ce ta riƙe masa hannu a cikin karofi, kuma wadda za ta ce masa ya isa ta riga ta tafi. Na nemi fuskar Malam, na rasa ta, na haɗa da aikin hannunsa na ƙarshe. Mijin Auta ya ce boleh, wato ba damuwa, za a kira mai gyara in an buɗe gari. Allah ya saka masa. Amma wa za a zaunar a kujerar?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, Auta, don kina ɗaki da yarinya lokacin. Rubuta, kar ki kalle ni. Da za su fita da shi, sai da suka bi ta gaban talabijin. Ya janye abin numfashi daga bakinsa, ya dubi gilashin, ya dube ni, ya ce:

"Ladi, kar kowa ya taɓa. Ja ya ɗan yi yawa a kumatunki. In na dawo zan ƙarasa."