Inna da Ɗaliban Ƙasar Sin

Lokacin da na samu aikin koyar da Hausa a wata jami'a ta arewacin ƙasar Sin, mahaifiyata ce mutum na farko da na je na faɗa wa. Na same ta a tsakar gidanmu na Tambuwal tana tsince shinkafa a faifai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Hausa? Wagga da muka yi yanzu ni da kai?"

Na ce, "Ita fa, Inna."

"To su mi za su yi da ita?"

Na yi ta bayani kan kasuwanci da aikin rediyo da tafinta. Ta ce Allah shi yi albarka, ta koma kan shinkafarta. Daga baya ƙanena ya gaya mini cewa duk wanda ya tambaye ta aikina, sai ta ce boko nake koyarwa, ta rufe zancen. A ganinta babu mai hankalin da zai ɗauki mutum a jirgi don ya koya masa maganar da kowane ɗa ke tsinta a bayan uwarsa.

A can an ba ni ɗan gida a cikin jami'ar, a saman bene, tagarsa na kallon filin da tsofaffi ke motsa jiki da safe. Na sayi tsohon keke, da shi nake zuwa aji, sai in ƙanƙara ta rufe hanya in taka da ƙafa. Sanyin garin ya wuce duk abin da aka ba ni labari. Ranar da na fara ganin numfashina yana fita kamar hayaƙi, tsayawa na yi ina hura iska ina dariya ni kaɗai. Abinci ya ɗan wahalar da ni kafin na gano shagon wasu Musulmi masu taliyar hannu a bayan jami'a. Ranar Juma'a in hau bas zuwa masallaci. Ƙarshen mako kuwa in tuƙa tuwon garin masara, in kaɗa miya da kuka da daddawar da Inna ta ƙulla mini, maƙwabtana su riƙa leƙowa suna tambayar me ke wari haka.

Ɗalibaina ba su da yawa, amma ban taɓa ganin masu naci irinsu ba. Hawa da saukar murya ba ya ba su wuya, don harshensu ma haka yake. Inda ake yin ta shi ne ɓ da ɗ da ƙ. Sai ka ji aji ya ɗauka da "ƙofa, ƙarfe, ƙasa" kamar masu tari. Akwai wata yarinya mai gilashi da ke zama a can ƙarshe, ba ta cika ɗaga hannu ba, amma in ta yi rubutu sai ka rantse a Kano aka haife ta.

A shekarata ta biyu muka kai darasin noma. Nan na maƙale. Na zana rumbu a allo, suka ce bukka ce. Na kwatanta damin gero da sussuka da shiƙa, suna rubutawa, amma na ga a idanunsu haddar banza ce kawai. Sai na tuna ai lokacin kaka ne a gida, kuma ƙanena yana Fakku, a ƙasar Kebbe, inda muke da gona a wurin dangin Inna. Na kira shi na roƙe shi ya nemi inda waya ke kamawa sosai, mu yi kiran bidiyo. La'asar ɗinmu ta can hantsi ce a gida, don haka lokaci ya yi daidai.

Ranar da muka shirya, na haɗa wayata da babban allon aji. Ga ƙanena da malafarsa, ga dammunan gero jingine a bayansa. Ya zagaya da su, ya nuna musu rumbu ciki da waje, ya nuna mata suna sussuka, taɓarya na tashi tana sauka. Ɗalibai suka bar kujerunsu suka matso gaba. Wani ya ce, "Malam, ashe wannan ne dami!"

Ban san Inna tana Fakku ba. Ashe ta bi ƙanena a babur don ta gaisa da 'yan'uwa. Sai kawai muka ji murya daga gefe.

"Kai, da wa kaka magana tun ɗazu?"

Fuskarta ta cika allon, ta matso da ido kusa da wayar. Na ce, "Inna, ni ne. Ga ɗalibaina." Na juya na ce musu mahaifiyata ce. Ban umarce su da komai ba. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya, suka ɗan rusuna, suka haɗa baki: "Ina kwana, Inna!"

Inna ta ja da baya, ta dafe ƙirji. Ta dubi ƙanena, ta sake duban wayar. Can ta ce, "Lahiya lau. Lahiya lau, ɗiyana."

Sai yarinyar nan mai gilashi ta fito gaba. "Inna, yaya aiki? Yaya gajiya? Yaya mutanen gida?"

"Ikon Allah! Ke ɗiyata, wa ya koya miki?"

"Malam ne."

"Awo," in ji Inna. "Ku nawa ne wurin uwarki?"

"Ni kaɗai ce."

"Ke ɗai? Wayyo. To ni fuɗu na haifa, ki zo ki zama ta biyar."

Yarinyar ta juyo gare ni. "Malam, mene ne fuɗu?"

Na ce huɗu ke nan, haka muke faɗa a ƙasar Sakkwato. Aji ya kaure da tambaya. Na ajiye darasin noma, muka ƙarasa ranar ina gaya musu yadda muke cewa "munka zo" da "abin da nika so", maganar da na saba ɓoyewa in na shiga aji. Da na hau kekena zan koma gida, ban ko ji sanyi ba.

Bayan 'yan kwanaki yarinyar ta same ni a ofis, ta ce tana so ta rubuta kundin kammala digirinta a kan Hausar Inna. Da na kai wa shugabar sashenmu maganar, ta ce daidaitacciyar Hausa suke koyarwa, kada a rikita yara. Na ce wanda ya san hanya biyu zuwa kasuwa ba a ce ya ɓata ba. Ta yi murmushi ta sa hannu.

Daga nan kowane mako sai yarinyar da Inna sun yi waya. Ƙanena ya ce tun da safe Inna ke wanka, ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar gidanmu tana jira. Maƙwabta mata su zo su zauna a gefe. Ta koya wa yarinyar sunayen kayan miya da na tukwane, da yadda ake yi wa maijego barka, da karin maganar da ni kaina na manta. In ta yi kuskure Inna ba ta raga mata. "A'a, sake faɗi. Buɗe bakinki, ba kya ci da shi?" Inna kuma takan tambaye ta ko ta ci abinci, ko uwarta ta samu sauƙin ciwon ƙafa.

Ranar kare kundin ina cikin malaman da suka zauna. Yarinyar da a da ba ta iya ɗaga hannu ta tsaya ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan, ta kunna muryar Inna a ɗakin, manyan malamai suna kasa kunne suna rubutu. Na ji muryar da ta yi mini faɗa ina ƙarami tana fita daga lasifikar jami'a a wata duniya. Na sunkuyar da kai kamar mai duba takarda, don kada a ga idona. Yarinyar ta ci da sakamako mai kyau ƙwarai.

Da hutu ya zo na dawo gida. Tun a tashar Tambuwal masu babur ke kirana Malamin Sinawa, wani dattijo ma ya riƙe hannuna ya ce in gaishe masa da ɗiyar Inna. Na isa gida, na ci tuwon dawa har na kasa tashi. Ina kishingiɗe Inna ta zo ta zauna kusa da ni, fuskarta ba wasa.

"Na tambayi ɗiyata yadda aka gaisuwar mutuwa, ta ce ba ku kai nan ba."

Na ce, "A shekarar ƙarshe ake yin ta, Inna, in lokaci ya samu, bana kuwa bai samu ba."

"Wane irin lokaci? Mutum shi zo garin mutane, a yi rashi, shi tsaya kamar icce? Da gaisuwar ga za ka fara in ka koma."

Na ce to. Da zangon karatu ya kama, da ita na fara.