Wata Biyar Ɗin Da Kotesh Ya Ara

Duk wanda ya taɓa raka Kotesh Yarlagadda sayen kankana a garin Irving, kusa da Dallas, ba ya ƙarawa. Zai ɗauki wannan ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ajiye, ya ɗauki waccan ya juya, kafin ya zaɓi ɗaya ƙafarka ta yi tsami. Aikinsa ma haka yake. Manhajar kwamfuta yake gwadawa a wani kamfanin inshora: wasu su rubuta, shi ya tono inda ta lalace. A ofis Tukuna suke kiransa, don duk abin da aka kawo masa ya sa hannu, amsarsa ke nan.

Ɗan manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a yankin Guntur, a kudancin Indiya. Ya zo Amurka da bizar aiki, da matarsa Sailaja, da 'yarsu Manasa tana ƙarama, ya shiga layin neman koren kati, takardar zaman dindindin. Mu da muke cikin layin nan mun san shi. Ɗan Indiya yakan shige shi da baƙin gashi, furfura ta cim masa bai kai gaba ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yaro. Yana rataye a bizar ubansa har ya cika ashirin da ɗaya, ranar nan a tsinke igiya, ya zama baƙo a ƙasar da ya yi wayo a cikinta. Ɗan maƙwabcin Kotesh haka aka yi masa, yana can Hyderabad ta Indiya yanzu da harshen mutanen Texas a bakinsa.

Sau ɗaya tak Kotesh ya taɓa yin gaggawa a rayuwarsa. A watan Nuwamba aka haifi Manasa, makarantun Guntur kuwa a Yuni suke ɗiban yara, wanda bai kai shekaru ba sai baɗi. Kotesh ya yi abin da iyaye da yawa suke yi a lokacin: ya sa aka rubuta mata ɗaya ga Yuni, ya ƙara mata wata biyar don kar ta yi asarar shekara. Rabin ajinsu ɗaya ga Yuni aka haife su, ba wanda ya ɗaga gira. Ranar ta bi ta zuwa fasfo, ta bi ta zuwa biza. A gida kuwa sai Nuwamba ake dafa mata shinkafa da madara da sukari.

Shekarar da za ta cika ashirin da ɗaya, layin da Kotesh yake ta sa rai zai matsa sai ya ja da baya. Ƙofa ɗaya ta rage: ka zuba dala dubu ɗari takwas a wani asusun jari da zai samar wa 'yan ƙasa aiki, a ba ka katin da iyalinka. Lauyar da ya je wa ta ce in takardu suka shiga kafin ranar haihuwar, kuma sashen da ya zaɓa, na birni ko na karkara, yana buɗe, za a tsayar da ƙirgen shekarun yarinyar.

“To ai Nuwamba ce ta gaskiya,” in ji Kotesh. “Ba a gyarawa?”

Ta cire tabarau ta dube shi. “Kana so ka gaya wa gwamnati da bakinka cewa duk takardar da ka taɓa ba ta akwai ƙarya a ciki? Yuni ce, Mista Yarlagadda. Ka manta da Nuwamba.”

Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana. Watannin da ya ara tana 'yar shekara huɗu, su aka zo karɓa a daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Cikin asusun da aka tallata masa, biyu ne suka tsallake tankaɗensa. Na farko ginin otal ne a wani babban birni, wanda Phani, ƙanin Sailaja, yake wa dillanci. Ran Lahadi bayan an taso daga wurin ibada, Phani ya tsare shi a kan tebur, hannu dumu-dumu da shinkafar biriyani.

“Bava,” in ji shi, wato mijin yaya da yarensu na Telugu, “kai fa ba kankana kake saye ba. Likitoci huɗu daga cikin mutanenmu sun shiga. Sun fi ka wauta ne?”

“Sun fi ni kuɗi dai. Kai nawa ake ba ka a kan kowane kai?”

“Ji shi. Ni zan cuci 'yar yayata? Otal ne, ana ganinsa da ido, riba ta fi ta kowa.”

“In sashen birni ya cika kafin Yuni fa?”

Phani ya suɗe yatsa. “Ba zai cika ba.”

“Wa ya ce?”

“Haba Bava. In aka biye maka, ko aurenka da yayata har yau kana tukuna.”

Aka yi dariya, ban da Kotesh. Ya san 'yan Indiya sun yi wa sashen birni rubdugu, kowane wata zai iya rufewa, in kuwa ya rufe shekarun Manasa za su ci gaba da tafiya. Asusu na biyu na masana'antar sarrafa dankalin turawa ne a wani lungu na jihar Idaho. Sashen karkara a buɗe yake, amma ba wanda ya san masu ginin, riba ba a magana, kuma in masana'antar ta durƙushe kafin ta ɗauki ma'aikata, da kuɗin da katin duk sun bi ruwa. Gaba kura, baya sayaki. Mutumin da yake cin abinci da gano aibi ya gano aibin kowanne, bai kuma da lokacin neman na uku.

Kuɗin ma wani tashin hankali ne. Ya ci bashi a kan gidansu, ya kwashe ajiyarsa, Sailaja ta zube awarwaronta na aure a gabansa.

“Emandi,” ta ce, don ba ta taɓa kama sunansa ba, “ɗauki. Dama 'yarka zan bar wa.”

Duk da haka sai an haɗa da gonar gado. Da Nuwamba ce, da ya jira an girbe shinkafa, manoma sun yi kuɗi, masu taya sun yi yawa, ya sayar da rabi ya tsira da rabi. Amma labari ya riga shi isa ƙauye cewa ɗan Amurka a matse yake. Mai saye ɗaya ya fito, ya ce ko duka ko ya fasa. Duka kuwa har da kusurwar da ke ƙarƙashin darbejiya, inda aka yi ɗan farin gini a kan tokar gawar mahaifinsa, da aka ƙona bisa al'adarsu.

Manasa ta ji. Ta dawo daga jami'a ta same shi a gareji yana goge motar da ba ta da datti.

“Nanna,” ta ce, wato Baba da yarensu, “ka bari. Zan tafi Hyderabad. Ai ba mutuwa ba ce.”

“Ke da ko kuɗin mota ba ki iya tambaya da Telugu ba?”

“Zan koya. Kar ka sayar da Tatayya saboda ni.”

Tatayya shi ne kakanta, wanda sau uku kacal ta gani tun da suka bar Indiya. Kotesh ya ci gaba da goge gilashi. Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta fi tausayin, don yarinyar tana ba shi haƙuri a kan ramin da shi ya haƙa mata. Ya ce ta shiga ciki, uwarta na nemanta.

Sati na gaba ya hau jirgi zuwa Idaho, ya yi hayar mota, ya bi hanyar da ba kowa sai gonaki. Ya yi zaton zai ga masana'anta. Abin da ya tarar ginshiƙan ƙarfe ne tsaye cikin taɓo, da katafila guda, da wani farin mutum mai hular kwano da ya amsa rabin tambayoyinsa, sauran ya ce sai an tambayi ofis. Cinikin biri a sama ke nan, irin wanda Kotesh ya tsana tun yana yaro.

Da mutumin ya juya, sai ya taka zuwa bakin gonar da ke daura da wurin. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa, ya dunƙule, ya murje, ya sansana, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Ƙasa ce mai kyau, za ta ba da dankali. Iyakar abin da ya iya tabbatarwa ke nan a duk cinikin, kuma ya san ƙasa mai kyau ba ta hana kamfani karyewa. Ya koma mota, ya kira ƙauye ya ce a sallama gonar, sannan ya kira lauya ya ce dankalin ya zaɓa. Ya tayar da mota ya kama hanya.

Phani ya daina zuwa gidan. Mai sayen gona ya yi alkawarin barin farin ginin shekara guda, daga nan sai yadda hali ya yi. Takardu sun shiga ana saura kaɗan Mayu ya ƙare. Ko masana'antar za ta tashi, ko katin zai fito, sai an shekara biyu ko uku kafin a sani. Kotesh ya rame, ya koma duba yanayin saman Idaho kowace safiya kafin ya duba na Irving.

Ran ɗaya ga Yuni, ranar da gidan bai taɓa kulawa da ita ba, ya biya kanti a hanyar dawowa daga aiki. Kek ɗin farko da hannunsa ya kai gare shi ya ɗauka, bai juya shi ba, bai duba farashi ba. Ya kawo ya ajiye a tebur, ya ɗauko wuƙa.

Manasa ta dubi uwarta, ta dube shi. “Nanna, ai sai Nuwamba.”

“Ta Nuwamba kyauta Ubangiji ya ba ki,” in ji shi. “Wannan ni na saya miki, kuma sai bana na gama biya. Yanka.”

Ta yanka, ba wanda ya yi waƙa. Yankan farko a al'adarsu na babban gida ne. Manasa ta sa shi a faranti, ta wuce ubanta, ta kai gaban hoton Tatayya da ke jingine a bango ta ajiye. Kotesh ya ja kujera ya zauna, ya kasa ɗaga ido ya dubi hoton.