Ranar Da Na Fita Ƙirga 'Ya'yan Mutane

Shekarun baya, ina aji biyar na sakandare a Azare, ni da lissafi ba ma ga maciji. Sau biyu ina faɗuwa, har mahaifina ya rantse in na yi ta uku zai cire ni daga makaranta ya tura ni gonar kakanmu a Katagum.

Ana nan sai malamin lissafi ya ba mu aikin hutu a darasin ƙididdiga. Kowa ya tambayi mata goma yawan 'ya'yansu, ya tara, ya raba gida goma, ya fitar da matsakaici. Maki ashirin cur. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe.

A Katagum na yi hutun, don haka da kakata na fara. Ta dubi littafin, ta dube ni.

"Kai mijin banza, awaki aka ce maka na haifa? So kake baki ya kama min su?"

Ta biyu da ta uku kuwa amsa ɗaya suka ba ni: "Alhamdulillahi." Na tsaya da biro a hannu ina tunanin yadda ake raba Alhamdulillahi gida goma. Gwaggona ta tausaya min ta ce uku, alhali huɗu ne, babban ma shi ya kawo ni a babur. Kunyar ɗan fari ce, uwa ba ta sa shi a baki. Kwana uku ina yawo a rana, duk gonar da na wuce sai in ga kamar ni take jira.

Wata tsohuwa ce ta cece ni ba da niyya ba. Bayan ta hana ni nata, ta tambayi inda na nufa, na nuna gidan maƙwabciyarta.

"Waccan? Ai bakwai ne, ga na takwas a ciki, wata huɗu. Ita a zatonta ba mu sani ba."

Daga nan na gane hanya. Kowace mace ba na tambayarta nata, sai na maƙwabciya. Kafin la'asar na cika tara, har da bayanan da ban nema ba.

Mahaifiyata na bar wa gurbin ƙarshe. Da na koma Azare na same ta tana tankaɗe.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Huɗu."

Mu biyar ne, kuma ni ne na fari. Na ce, "Ni fa?"

"Tashi ka ba ni wuri."

Na san al'ada ce, amma wallahi sai da na ji ba daɗi. Da kaina na rubuta biyar.

Malam ya yi dariya har da hawaye da na ba shi labari. Ya ba ni sha takwas, ya cire biyu saboda na ƙirga har da ciki. Da su na tsallake jarrabawar lissafi, da ƙyar.

Ranar da na kawo sakamako Inna ko kallon takardar ba ta yi ba, kuma na daɗe da abin a raina. Sai bayan na yi aure ƙanwata ta faɗa min cewa tun ranar da muka fara jarrabawar Inna take azumi, ta ce wa mutanen gida wai ramuwa take yi. Ba ta ajiye ba sai da na shigo da takardar nan.