Alhaji Ilu da dokinsa Bidi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Ilu, wanda mutanen Zangon Lome suka fi sani da Mai Doki. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni ce 'yarsa ta biyu. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa har ya bar duniya Uwata yake ce mini.

Goro Baba yake sayarwa, ba shi da wata sarauta. Dokin ma a kasuwar dabbobi ya gamu da shi, an kawo shi daga arewa duk ya rame, ga wani ƙaton gyambo a baya inda sirdi ya cinye. Mahauta kaɗai ke tayawa. Baba ya jawo shi gida, mutane na ta dariya, wai me za a yi da doki a garin da babur ya cika? Bai kula su ba. Ya yi ta wanke gyambon da ruwan ɗumi da kanwa har ya warke. Da gashi ya fito muka ga ashe fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, aka sa masa suna Bidi.

Bidi akwai wasa. In Baba ya shigo gida sai ya tunkuɗe shi da kai har hularsa ta faɗi. Amininsa Malam Hamza, limamin masallacin layinmu, yakan ce, "Alhaji, ba kai yake so ba, dusar da ke hannunka yake so." Baba sai dai ya yi murmushi. Sun daɗe suna wannan musu, babu wanda ya sauka daga kan nasa.

Wata Lahadi da hantsi Baba ya kai Bidi bakin teku wajen Baguida, kamar yadda ya saba. Yana kan dokin sai jininsa ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya saki, ya zame ya faɗi daidai inda ruwa ke isowa. Masuntan da suka kawo shi asibiti su suka ba mu labari. Haniniya suka ji wadda ba ta yankewa. Da suka iso, suka tarar da doki tsaye tsakanin Baba da teku, ruwa na dukan ƙafafunsa, yashi na zamewa a ƙarƙashinsa, amma bai ɗaga kofato ko ɗaya ba. Duk wanda ya san Bidi ya san tsoron igiyar ruwa yake yi, ko da bulala ba ya shiga.

Baba ya dawo gida bayan doguwar jinya, hannun dama ya mutu, magana da kyar. A duk tsawon lokacin ni ce nake ba Bidi harawa da dusa, ni nake share masa turke. Ranar da muka fito da Baba tsakar gida a kujera, na kwance dokin ina sa masa ido, don na san tunkuɗar nan tasa. Ya wuce ni da kwanon dusa a hannuna. Ya tako a hankali, ya shinshina hannun da ya mutu, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya zagaya ta hagu ya sunkuyar da kai har Baba ya kai ga gezarsa. Daga ranar bai sake tunkuɗe shi ba, kuma kullum ta hagu yake zuwa.

Malam Hamza na zaune a kan tabarma. Baba ya juyo, ya haɗa kalmomin da kyar ya ce, "Malam, dusar tana hannun Uwata."

Malam ya cire tabarau ya goge ido. "Na gani, Alhaji," in ji shi. "Allah Ya san abin da Ya sa a ƙirjin bayinSa."

Shekara biyu Baba ya ƙara. Bayan rasuwarsa Bidi ya rage ci, ya daina haniniya, har muka kai shi gonar wani abokin Baba a bayan gari, inda ya ƙare kwanakinsa.

Yau inda turken yake shagon gyaran waya ne. Jikokin Baba kan zauna a ƙofar shagon suna kallon dawaki a waya, suna gardama da Faransanci a kan ko dabba na jin ƙauna ko sabo ne kawai. Na san da Baba yana nan ba zai shiga gardamar ba. Zai tambaye su ne ko cikinsu akwai wanda ya taɓa wanke wa dabba ciwo.

Bai bar mana wata dukiya ba, amma halinsa yana nan. Ranar jajibirin layyar bara ina tare da ƙanena Bashir a hanyar Totsi, sai ga wani saurayi ya ɗaure rago a bayan babur, kai a ƙasa, harshe a waje. Bashir ya tare shi. Bai yi masa faɗa ba. Ya kwance ragon da hannunsa, ya sayi ruwan leda ya ba shi, ya gyara masa ɗauri. Saurayin ya ce, "Yaya, ai gobe yanka shi za a yi."

Bashir ya ce, "Gobe ne. Yau kuma ƙishirwa yake ji."

Allah Ya kai haske kabarinka, Baba.