Yaya Shatu da Barikin Bakin Tafki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2018, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, Hajiya Shatu Ɗantsoho, mai masaukin Bakin Tafki da ke kan hanyar Daura zuwa Sandamu, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sutura bayan azahar.

Yaya, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ina kan tabarmar karɓar gaisuwa sai in ji kamar ana nemana a wani wuri. In miƙe, in kama hanyar masaukin, in zagaya ginin, in dawo ban san abin da na je nema ba.

Turawa suka gina barikin nan don jami'ansu masu rangadi: katanga mai kauri, rufin azara, da doguwar baranda mai kallon ruwa. Babanmu ne kukun wurin, a bayan kicin ɗin muka yi wayo. Bayan tafiyar Turawan ginin ya yi ta sauya hannu har ya koma gidan giya. Da aka ƙaddamar da Shari'a aka garƙame shi. Jemagu suka gaje ɗakunan, awaki suka mai da barandar makwancinsu, gefen rufin ya rufta.

Kina fita takabar mijinki kika ce za ki karɓi wurin ki gyara. Dangi suka taru a kanki. Iya, ƙanwar mahaifiyarmu, ta fi kowa zafi.

"Shatu, mace mai 'ya'ya a ce tana da otel? Wa zai zo neman auren Khairunnisa?"

Kika sunkuyar da kai kika ce, "Iya, ginin bai sha giya ba. Mutane ne suka sha, sun kuma watse."

Magina suka ba da shawarar a rushe a ɗora bulo, kika ƙi. Kika je har Dutsi kika zo da tsohon magini Mati, wanda ya iya jera azara, kika tsaya a kansa a rana, ke ce ɗibar ruwa, ke ce miƙa kwano. Ɗakin da ake zuba giya kika sa aka kankare, aka wanke, aka yi masa farar ƙasa, ya zama masallaci. Ana cikin aikin sai ga Nwafor, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya taɓa riƙe wurin a da. Ya zo da ƙofar katako ta asali a bayan a-kori-kura. Ya cire ta ne tun lokacin da aka rufe, gudun ɓarayi.

"Hajiya, ƙofarki ce," in ji shi. "Ajiya kawai na yi."

Abin da Iya ta ji tsoro ya faru. Gidan da suka fara neman Khairunnisa suka janye. Ranar na iske ki a kicin kina tuƙa tuwo hawaye na zuba, ba ki ajiye muciya ba. Sai da aka jima gari ya gane. Fataken dabbobi daga Babban Mutum suka fara yada zango a wurinki, direbobi suka bi, sannan magidanta suka soma kawo iyalansu cin tuwon dawa da miyar kuka a baranda. Daminar da ruwa ya rushe gidaje a ƙauyen da ke bayan tafkin, kika buɗe musu dukkan ɗakuna, suka zauna har kaka. Ko Iya a ƙarshe can take zuwa shan fura.

Amma ba ki gama ba, Yaya. Ɗakin gabas har yanzu babu rufi, azarar da kika sayo tana jingine ruwa na dukanta. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba wani ya ja ni gefe yana tambaya ko za a sayar da filin, wai ya dace da gidan mai. Ɗanki Musaddiq yana Kano da aikinsa, ya ce duk yadda muka yanke. Makomar wurin ce ta hana ni sukuni.

Jiya da safe na sake zuwa, na hango hayaƙi yana tashi daga kicin. Na shiga na tarar da Khairunnisa ta ɗora tukunya, goyonta a baya, idanunta a kumbure. Na ce mata ai da ta bari a yi kwana biyu.

Ta ce, "Kawu Saminu, matafiya ba su san an yi rasuwa ba. Da yunwarsu za su iso."

Ban san yadda za ta kasance ba. Na dai aika a kira Mati ya zo ya duba azarar.

Ina miƙa ta'aziyya ga Musaddiq da Khairunnisa, da Iya, da dukkan zuriyar Malam Ɗantsoho, da ma'aikatan masaukin. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Yaya Shatu, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Kin sauki baƙi ba ki tambayi daga ina suke ba. Yau ke ce baƙuwa. Allah Ya yi miki masauki a Aljannar Firdausi, amin.