Askin da aka yi wa Dokta Mahama a bakin masallaci

Abokina Dokta Mahama ya rasu cikin azumin 1996. Tare muka yi karatun allo a unguwarmu ta Nima. Ni na tsaya a ɗinki, shi ya wuce makarantar likitoci ta Korle Bu ya zama likita, sannan ya tafi Najeriya shekara huɗu ya ƙware a kan ciwon taɓin hankali. Danginsa sun ji haushi, wai duk karatun nan a kan mahaukata zai ƙare.

Bai yarda ƙwaya kaɗai tana warkarwa ba. Yakan bi majinyaci har gida ya ga inda yake kwana, ya roƙi liman ya ci gaba da addu'a amma kada a hana shan magani. Kuma sai ya tambayi sana'ar da mutum zai koma.

Braimah wanzami ne a layinmu. A 1984 ciwo ya kama shi, ya bi maƙwabcinsa Alhaji Ziblim da aska, aka kwantar da shi wata bakwai. Da ya warke ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin masallaci, sati uku ba wanda ya zauna. Matarsa Zelia ta zo wurin Mahama ta ce ya fara ƙin abinci, yana kulle kansa a ɗaki. Mahama ya ce mini, "In Juma'ar nan ta wuce bai yi aski ba, asibiti zai koma, kuma ba na jin zai sake fitowa."

Ana idar da sallar Juma'a Mahama ya cire hula ya zauna gaban Braimah.

"Aske mini kai da gemu, Malam Braimah. Har ƙasan haɓa."

Na ja hannun rigarsa. "Mahama, kana da 'ya'ya fa."

"Kai kuma kana da surutu, tela. Riƙe mini hula."

Mutane suka kewaye mu. Braimah ya wasa aska. Ya gama kai, ya sauko wuya. Alhaji Ziblim ya daka tsawa, "Jama'a, a ƙwace askar nan!" Hannun Braimah ya goce, jini ya ɗigo a wuyan farar riga. Wasu suka yunƙuro.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Mahama, idonsa a rufe.

"Dokta, na ji maka," in ji Braimah.

"Ƙurji ne. Ƙarasa. Rabin gemu zan kai wa matata?"

Ya ƙarasa. Mahama ya shafa haɓa, ya dube ni. "Tela, saura kai."

Wallahi ban so ba, amma na zauna. Alhaji Ziblim bai taɓa zama ba har ya bar duniya, sai dai kafin la'asar Braimah ya aske kai biyar, kuma bai sake kwana a asibiti ba.

Allah ya jiƙanka, Mahama. Ina kewarka ƙwarai.